Raunin ƙwaƙwalwa: Ina aka kwana a gwajin dashen ƙwayoyin halitta a jikin dabbobi?

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗauko buhun masara daga gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin makaranta ƙauyen da aka tura shi. Tun da Gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, mutanen birni suka koma A Daidaita Sahu, amma a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa har yau babur bai sami magaji ba. Cikin masu hawansa kuwa, masu sanya hular kwano ba su taka kara sun karya ba.

Idan tsautsayi ya gitta aka faɗi, kai ne kan fara isa ƙasa. Wasu sukan rasu nan take. Wasu su farfaɗo bayan doguwar suma, su koma gida da shanyewar hannu ko ƙafa, ko mantuwa, ko farfaɗiya, ko saurin fushin da ba a san su da shi ba. Ɗawainiyar irin wannan majinyaci takan faɗa a kan ɗan'uwansa da ke birni, ɗan kasuwa a Kwari ko Singa, ko ma'aikaci a Sakatariyar Audu Bako. A daidai lokacin da aljihu ya fara gajiya ne wani kan zo da albishir, cewa akwai sabon magani mai suna "sitem sel" wanda ke gyara ƙwaƙwalwa, kuma Turawa sun gwada shi sun tabbatar.

Gaskiya ne an yi gwaji, an kuma shafe shekara fiye da ashirin ana yi. Sai dai mafi yawansa a jikin ɓeraye aka yi shi, kuma tsakanin abin da ya yi wa ɓera amfani da abin da zai tayar da majinyaci a Kiru akwai tafiya mai nisa. Ya kamata duk wanda za a nemi kuɗinsa ya san inda wannan tafiya ta tsaya.

Abin da ke faruwa idan kai ya bugu

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da laushi, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika saƙo ta siraran zaruruwa. Likitoci sun kasa raunin da ke samun ta gida biyu. Na farko shi ne na lokacin bugun kansa, inda nama ke ƙujewa, jijiyoyin jini su fashe, zaruruwan saƙo su tsinke. Wannan ya riga ya faru kafin a ɗaga mutum daga kwalta.

Na biyu shi ne wanda ke biyo baya cikin awanni da kwanaki. Ƙwaƙwalwa takan kumbura, alhali ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri, sai matsi ya hana jini shiga. Ƙwayoyin da suka ji rauni sukan zubar da sinadaran da ke kashe maƙwabtansu, garkuwar jiki kuma ta taso da ƙarfin da wani lokaci ɓarnarsa ta fi gyaransa. Idan majinyaci ya rasa isasshiyar iska, ko jininsa ya zuba har ƙarfin bugunsa ya faɗi, wannan rauni na biyu yakan tsananta ƙwarai.

Don auna tsananin rauni, asibitoci na amfani da ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a birnin Glasgow a 1974. Ana duba buɗe ido da magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani.

Babbar matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta warkewa kamar fata ko ƙashi. Masanin nan ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya tafi a kan cewa ƙwayoyin jijiyar baligi idan sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma an daɗe a kan wannan fahimta. A shekarun 1960 Joseph Altman ya nuna cewa ana haifar sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera baligi. A 1992 kuma Brent Reynolds da Samuel Weiss, a birnin Calgary na Kanada, suka ciro daga ƙwaƙwalwar ɓera wasu ƙwayoyi masu iya hayayyafa su rikiɗe su zama ƙwayoyin jijiya. Daga nan ne fata ya tsiro, cewa wataƙila za a iya cike gurbin abin da rauni ya cinye.

Yadda ake gwaji a dabbobi

Ba ya halatta a yi wa mutum allurar abin da ba a san illarsa ba, shi ya sa ake farawa da dabba. A ɗakin bincike ana sa wa ɓera maganin barci, sannan a yi masa rauni mai awo: ko a buga saman ƙwaƙwalwarsa da ɗan ƙarfen da na'ura ke sarrafa gudunsa da zurfinsa, ko a turo ruwa da ƙarfi ta ƙaramar huda a ƙoƙon kai, ko a sako nauyi daga wani tsayi da aka ƙayyade. Manufar ita ce kowane ɓera ya sami rauni iri ɗaya, don a iya kwatanta waɗanda aka ba magani da waɗanda ba a ba ba.

Bayan haka sai a auna warkewa. Ana ɗora ɓera a kan siririn katako a ga sau nawa ƙafarsa za ta zame. Ana kuma saka shi a kwatarniyar ruwa mai ɓoyayyen dandamali, dabarar da Richard Morris ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, a ga ko zai tuna inda mafaka take. Daga ƙarshe a yanka ƙwaƙwalwar a duba ta da madubin likita. Wasu cibiyoyi na amfani da aladu, domin ƙwaƙwalwarsu ta fi kama da ta mutum.

Dashen ƙwayoyin asali

Abin da ake kira "sitem sel" ƙwayoyin halitta ne na asali, waɗanda ba su gama zaɓar aikinsu ba. Misalinsu kamar ƙullun fulawa ne a hannun mai gidan biredi, wanda zai iya zama biredi ko fanke gwargwadon yadda aka sarrafa shi. Ana samun su a ɓargo, da kitse, da jinin cibiya, da ƙwaƙwalwar tayi. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda za a mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ta asali, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012.

A farkon shekarun 2000, wasu masana a Asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka, cikinsu har da Asim Mahmood da Michael Chopp, suka riƙa yi wa ɓeraye masu raunin kai allurar ƙwayoyin ɓargo ta jijiyar jini. Ɓerayen da aka yi wa allurar sun fi sauran samun sauƙi a motsi. A Jami'ar Pennsylvania kuma, ɗakin binciken Tracy McIntosh ya dasa ƙwayoyin asali na jijiya kai tsaye a ƙwaƙwalwar da ta ji rauni, aka ga sun rayu na makonni, motsin dabbobin ya inganta.

Amma da aka zurfafa bincike sai aka ga wani abin mamaki. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin ƙwayoyin ɓargon da aka dasa suka zama ƙwayoyin jijiya. Wasu masana a Houston ma sun nuna a 2009 cewa mafi yawan ƙwayoyin da aka zuba ta jijiyar jini a huhu suke maƙalewa, ba sa ko isa kai. To, daga ina sauƙin ya zo? Amsar da masana suka fi karkata gare ta ita ce, ƙwayoyin suna aiki ne kamar ƙaramin kantin magani. Suna fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, suna lallashin garkuwar jiki, suna taimaka wa ƙwayoyin da suka jikkata su rayu, suna kuma zaburar da tsirowar sababbin jijiyoyin jini. Wato abin da aka samu ceto ne ga abin da ya rage. Sake gina ɓangaren da ya riga ya mutu har yanzu buri ne.

Sinadaran haɓaka

Wannan fahimta ta ƙara jan hankali zuwa ga sinadaran kansu. Jiki yana da wasu sunadarai da ke yi wa ƙwayoyin jijiya aikin da taki ke yi wa shuka. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka gano na farko, wanda ake kira NGF, a shekarun 1950, suka sami kyautar Nobel a 1986. A 1982 aka tace na biyu mai suna BDNF daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus. Akwai wasu da dama, irin su VEGF mai tsirar da jijiyoyin jini, da EPO wanda ƙoda ke fitarwa don ƙara jini, aka kuma ga yana kare ƙwayoyin jijiya a dabbobi.

A tsakiyar shekarun 1990 an zuba NGF kai tsaye a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu rauni, aka ga tunaninsu ya inganta a gwajin kwatarniyar ruwa. Daga baya aka haɗa dabarun biyu, aka sauya ƙwayoyin asali ta yadda za su riƙa fitar da NGF da yawa, sannan aka dasa su.

Sai dai isar da waɗannan sinadarai inda ake buƙata abu ne mai wuya. Ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini, wanda ke hana manyan sunadarai wucewa. Idan an sha su, ciki zai narkar da su kamar nama. Idan an yi allurarsu, ba sa daɗewa a jini. Da aka gwada zuba NGF cikin ruwan ƙwaƙwalwar wasu majinyata uku masu cutar mantuwa a Suwidin, sai ya jawo musu ciwon baya da ramewa. Shi ya sa ake ta neman wasu hanyoyi, kamar fesawa ta hanci, ko ɗora sinadarin a kan wani abu mai kama da ƙullu da zai riƙa sakinsa a hankali a wurin raunin.

Daga ɓera zuwa mutum

Tarihin maganin raunin kai cike yake da magungunan da suka yi fice a dabbobi suka kasa a mutane. Sinadarin progesterone ya nuna amfani a gwaje-gwajen dabbobi masu yawa, amma a 2014 manyan gwaje-gwaje biyu a kan mutane, ProTECT III da SyNAPSe, suka nuna bai ƙara komai ba. A 2015 aka wallafa sakamakon gwajin EPO a kan majinyata 606, aka ga bai rage yawan masu fita da naƙasa mai tsanani ba. Kafin nan, a 2004, gwajin CRASH da ya ƙunshi mutum fiye da 10,000 ya nuna cewa allurar sitiroyid, wadda likitoci suka shekara suna yi wa masu raunin kai, ƙara yawan mace-mace take yi.

Dalilan wannan giɓi a bayyane suke. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta wuce giram biyu ba, kuma sumul take, ba ta da lanƙwashe-lanƙwashen ta mutum. Ɓerayen gwaji galibi matasa ne masu ƙoshin lafiya, rauninsu iri ɗaya, kuma akan ba su magani cikin mintuna ko 'yan awanni. Wanda ya faɗi a kan babur a hanyar dajin Falgore kuwa, wataƙila ya karye a cinya, ya zubar da jini, yana da hawan jini ko ciwon suga, sannan ya shafe awanni kafin ya ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Bugu da ƙari, tafiyar ɓera a kan katako ba ta auna abin da iyali ke fata, wato mutum ya koma gona ko shago, ya gane 'ya'yansa, ya iya lissafin kuɗinsa.

Akwai kuma haɗari. Ƙwayar da ke iya hayayyafa tana iya zarce iyaka ta zama ƙari. A 2009 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton wani yaro da ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka, bayan an yi masa dashen ƙwayoyin tayi a wani asibiti a Mosko, kuma bincike ya nuna daga ƙwayoyin da aka dasa ne ƙarin ya tsiro.

Duk da haka ba a tsaya ba. A Houston, Charles Cox da abokan aikinsa sun ba yara goma masu mummunan raunin kai ƙwayoyin ɓargonsu na kansu, suka wallafa a 2011 cewa hanyar ba ta nuna illa mai tsanani ba. Mataki mafi nisa shi ne na wasu ƙwayoyin ɓargo da aka sarrafa masu suna SB623. An gwada su a kan mutum 61 da suka daɗe da naƙasar motsi bayan raunin kai, inda aka dasa wa 46 ta hudar ƙoƙon kai, 15 kuma aka yi musu aikin kwaikwayo don kwatance. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna waɗanda aka dasa wa sun fi samun ci gaba a motsi bayan wata shida. A watan Yulin 2024 Japan ta ba maganin izini na sharaɗi kuma na ƙayyadadden lokaci, ma'ana sai an ci gaba da tara hujja. Wannan ci gaba ne na gaske, amma gwajin ƙarami ne, aikin tiyata ne a cibiya ta musamman, kuma sauƙin motsi ya kawo, bai mayar da mutum yadda yake a da ba.

Abin da ake tallatawa a kasuwa

A Najeriya akwai dashen ƙwayoyin asali na halal, wato dashen ɓargo ga masu cutar sikila, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yi a 2011. Wannan aiki ne na cututtukan jini, bai shafi raunin ƙwaƙwalwa ba.

Garin da ake sayarwa a 'yan ƙananan fakiti da sunan "sitem sel", a ofisoshi da shaguna da zaurukan WhatsApp, wani abu ne daban. Yawancinsa daga tsirrai ake haɗa shi, irin su tuffa da inabi. Ƙwayar halitta mai rai tana buƙatar sanyi da kulawar ɗakin bincike, ba ta rayuwa a matsayin gari a aljihu, kuma ƙwayar tuffa ba ta zama ƙwayar jijiyar mutum. Lambar NAFDAC a jikin kayan ƙarin abinci ko na gargajiya ba shaida ba ce cewa hukumar ta tabbatar yana warkar da cutar da mai talla ya ambata. Ɗan kasuwa ya san ba a cinikin biri a sama. Kafin ya biya, ya tambaya: a kan mutum nawa aka gwada wannan magani, a wane asibiti, kuma wane likitan ƙwaƙwalwa ne zai sa hannu a kansa? Kuɗin da za a zuba a nan ya fi amfani a gashin ƙashi, da maganin farfaɗiya idan likita ya rubuta, da abinci mai gina jiki, da kuɗin motar komawa asibiti.

Abin da ke ceton rai a yau

Darasin da gwajin dabbobi ya fi tabbatarwa shi ne cewa ceton ƙwayar da ba ta mutu ba ya fi sauƙi a kan maye gurbin wadda ta mutu. Wannan kuwa aiki ne da ke farawa tun daga bakin titi.

Na farko shi ne hular kwano. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambatawa sun nuna cewa tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu babura a Kano suna kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta tare kwalta.

Na biyu shi ne yadda ake ɗaukar wanda ya ji rauni. A riƙe kai da wuya a miƙe, domin mai raunin kai yana iya samun karaya a wuya. A tabbatar yana numfashi, idan yana amai a juya shi gaba ɗayansa ya kwanta a gefe. A danne inda jini ke zuba. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko nono ko rubutu, domin zai iya shiga huhu. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Na uku shi ne gaggawa. Gwajin CRASH-3, wanda aka wallafa a 2019 bayan ya ƙunshi majinyata fiye da 12,000 a ƙasashe 29, ya nuna cewa allurar tsayar da jini mai suna tranexamic acid, wadda ba ta da tsada, tana rage mace-mace ga masu rauni mai sauƙi zuwa matsakaici idan an yi ta cikin awa uku. Daga asibitin da ya fi kusa, mai rauni mai tsanani yana buƙatar a wuce da shi inda ake hoton CT da tiyatar ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya.

A kuma kula da wanda ya faɗi ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau. Akwai nau'in zubar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai wanda mutum kan farfaɗo ya yi magana, bayan 'yan awanni ya sake suma. Idan an gano shi da wuri, tiyata na cire gudan jinin mutum ya warke sarai. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, ruɗewa, jijjiga, raunin ɓari ɗaya na jiki, ko ruwa da jini daga kunne ko hanci, kowanne dalili ne na komawa asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Mai yiwuwa wata rana aikin da ake yi a kan ɓeraye da aladu ya zama allurar da za a riƙa yi a Kano. Kafin wannan rana, akwai abin da ke hannun shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da ƙungiyoyin masu babura, da 'yan'uwa mazauna birni: motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki, iskar oksijin a asibitocin da ke bakin hanya, horar da direbobi taimakon farko, da hular kwano ga direba da fasinja. Wanda zai aika wa ƙaninsa kuɗin sayen babur a ƙauye, ya haɗa masa da kuɗin hula biyu.